Tambaya da Amsa: Yawon kwale-kwale ta ƙasar makiyaya, zai yiwu a nan Katsina?

Tun da muka buga hoton nan na masunci cikin kwale-kwale da shanu suna shan ruwa a bayanshi, saƙonni suke ta shigowa kan magana ɗaya, to na zaɓo guda huɗu zan amsa a wannan fitowar, sauran a yi mani haƙuri.

TAMBAYA: Salam Kawu, fatan kana lafiya ya iyali. Dan Allah ina da tambaya. Akwai wani bidiyo da na gani a YouTube na ƙasar Mongoliya, mutane suna fita ranar Asabar su shiga ƙananan kwale-kwale suna bin kogi ta cikin dajin makiyaya, ga dawaki ga tumaki ga tantuna farare, da dare su kwana a bakin ruwa su dawo Lahadi da yamma, wlh abin ya burge ni sosai har na tura ma abokaina, mu shida ne duk ma'aikata, kuma gaskiya mun gaji da zaman majalisa kullum wikend ba abin da muke sai shayi da kallon ball. Shin akwai inda za mu iya yin irin wannan a jihar Katsina ko kusa? Tunda mu ma ai muna da Fulani muna da ruwa. Daga mai karatunku a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Tunaninku ya yi mani daɗi, kuma ba zan kashe maku gwiwa ba, amma sai mun gyara shi kafin ya dace da ƙasarmu.

Abin da ka gani a bidiyon gaskiya ne, ana yi. Mongoliya ƙasa ce mai faɗin gaske tsakanin Rasha da Sin, mutanenta wajen miliyan uku da rabi ne kawai amma dabbobinsu sun haura miliyan 50, dawaki da tumaki da awaki da shanu da raƙuma. Kogin Tuul ya ratsa ta babban birninsu Ulanbatar, shi ya sa mutum zai iya barin ofis ranar Juma'a washegari yana kan ruwa a cikin makiyaya. Amma ko can ɗin ba duk shekara ake yi ba, da sanyi kogin daskarewa yake ya zama ƙanƙara, sai wajen watan Yuni zuwa Satumba suke samun yin yawon. Kuma ruwansu daga duwatsu yake gangarowa, yana gudu a hankali tsawon watannin nan ba ya yankewa.

To mu nan fa? Kai ma ka san gulaben Katsina, Gada da Karaɗuwa da Bunsuru da sauransu, duk na damina ne. Ka je watan Maris ka tarar da rairayi fari fat, yara na ball a tsakiya, mata na tona rijiyar yashi, masu tifa na ɗiba. Ka dawo watan Agusta bayan ruwan dare ɗaya ka tarar da jan ruwa ya cika baki da baki yana tafe da itace da karan gona da duk abin da ya samu. Babu tsaka-tsaki sosai, kuma wannan tsaka-tsakin shi mai yawon kwale-kwale yake nema. Wanda ya manta ƙarfin ruwan daminar nan ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, dare ɗaya aka rasa sama da mutum 40. Saboda haka maganar ku bi gulbi daga wani gari zuwa wani gari kwana biyu a cikin jihar nan ku cire ta, da rani ba ruwa, da damina ruwan ba na wasa ba ne.

Abin da muke da shi shi ne dam. Akwai Zoɓe ta wajen Dutsin-Ma a kan Karaɗuwa, wanda aka gama tun 1983, akwai na Jibiya a kan Gada, akwai Ajiwa nan kusa da birni, ƙasar Daura akwai Sabke da Daberam, can kudu wajen Funtuwa akwai Mairuwa da Gwaigwaye. Duk waɗannan akwai masunta da kwale-kwalensu, kuma da rani ya tsananta nan ne makiyaya ke kawo shanu mashaya, wato abin da ka gani a hotonmu kenan. Sai dai in na ce maka ku je ko'ina daga ciki ku kafa tanti ku kwana na cuce ku. Kowa ya san halin da yammacin jihar nan yake ciki shekarun nan, Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da duk abin da ya jingina da dajin Rugu, kuma abin ya taɓa ƙauyukan Dutsin-Ma da na Funtuwa. Samari shida da mota da manyan wayoyi su kwana a bakin ruwa a irin wannan wuri, a'a. Ba na ba da wannan shawarar ko da wani ya ce maku ai yanzu an samu sauƙi.

In kuna son ku fara, ku fara ta gabas, ƙasar Daura ta fi samun kwanciyar hankali, kuma daga Katsina zuwa Daura bai wuce tafiyar kilomita 80 ba. Ku kwana a cikin gari, da sassafe ku fita bakin dam, ku shiga ruwa da hantsi ku fito kafin la'asar, ku koma gari ku kwana. Lahadi in kuna so ku biya kasuwar Mai'aduwa, nan za ku ga dabbobin da suka sauko daga Nijar da masu su, ku zauna ku sha fura da su a rumfa, wallahi za ku ƙaru da sanin makiyaya fiye da abin da za ku hango daga cikin jirgi. Kuma kar ku tafi kai tsaye bakin ruwa ku kama ciniki da yaron da kuka fara gani. Kowane ruwa da mai shi. Ku fara da mai gari ko dagaci, shi zai haɗa ku da Sarkin Ruwa, shi kuma ya ba ku matuƙin da ya yarda da shi, wanda ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa da inda aka shimfiɗa raga da inda ba a zuwa. Dam kuma na gwamnati ne, wasu ma daga nan ake ba gari ruwan sha, akwai ma'aikata a wurin, a gaishe su a nemi izini. Ofishin 'yan sanda na yankin ma ku leƙa ku ce ga mu ga abin da ya kawo mu, minti goma ne.

In kuwa lallai abin da ya yi kama da bidiyon kuke so, wato ruwa mai tafiya da makiyaya a gefe da gefe, to sai kun fita jihar, mafi kusa da ku shi ne fadamar Haɗeja da Nguru tsakanin Jigawa da Yobe. Nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa su yi rassa da tafkuna kafin su haɗu su nufi tafkin Cadi, a shekarar 2000 ma aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa. Ruwan yana cika wajen Agusta da Satumba, ya fara ja da kaka, yana ja ciyawa na fitowa, Fulani na biyo ta da garkunansu su kafa mashekari, manoma na bin danshin da shuka, masunta na cikin ruwa, ga tsuntsaye da ke tasowa tun daga Turai su yi hunturu a nan. Daga Nuwamba zuwa Janairu shi ne lokacinta. Ruwan bai kai na da ba, tun da aka gina dam ɗin Tiga da na Challawa a sama ambaliyar ta ragu, sannan ciyawar kacala ta toshe hanyoyi da yawa har wani wurin jirgi ba ya wucewa, wannan ma dalili ne na cewa sai da ɗan gari. Tafiyar tana da ɗan nisa, gara ku haɗa da hutun da ya faɗo Juma'a ko Litinin, kuma ku tambayi mutanen can halin hanya a satin da za ku tafi, ba labarin bara ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, yarona ɗan jami'a ne ya dawo hutu wai shi da abokansa za su je dam su hau kwale-kwale, ni kuma hankalina bai kwanta ba don ko iyo bai iya ba, babanshi ya ce in ƙyale shi ai ya girma. In hana shi ne ko yaya? Daga wata uwa a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Tsoronki yana kan hanya. Ba mu manta da jirgin da ya kife a dam ɗin Watari na Bagwai a jihar Kano ba a ƙarshen Nuwamban 2021, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne yara ƙanana, kuma nan kusa da ku a yankin Mai'aduwa an yi irin wannan rashin a 2022 lokacin bikin sallah. In kika bi labarin irin waɗannan haɗurran za ki tarar kusan abu ɗaya ne yake maimaituwa, an cika jirgi fiye da ƙima, ba wanda ya sa rigar kariya, wani lokacin kuma ga yamma ta yi ko iska ta taso.

Ni ba zan ce ki hana shi ƙememe ba, don yaron da aka hana a gida sau da yawa yakan je a ɓoye, kuma zuwan ɓoye shi ne mai haɗarin. Ki kafa mashi sharaɗi, ki sa babanshi ya tsaya a kai. Rigar kariya ta ruwa dole, wadda ta yi mashi daidai a ɗaure ta tun daga tudu, ba a riƙe a hannu ko a zauna a kanta ba, in ba ta babu shiga. Masunta yawanci ba su da ita don su sun iya ruwa tun suna yara, saboda haka su yaran su nemi tasu su tafi da ita, kuma kar kunya ta hana shi sawa don wani ya yi mashi dariya. Kada su wuce adadin da matuƙi ya ce, in su takwas ne a yi sawu biyu ko a ɗauki jirgi biyu. A zauna a ƙasan jirgi a tsakiya, ba miƙewa tsaye don ɗaukar hoto, ba komawa gefe ɗaya gaba ɗaya don an ga wani abu, wannan kwale-kwalen katako ɗan motsi kaɗan yake jira. Babbar riga da takalmi sau ciki a bar su a mota, in suka jiƙe nauyi suke ƙarawa. In hadari ya haɗo ko iska ta fara tada igiyar ruwa a nufi gaɓa mafi kusa ba sai an koma inda aka taso ba, kuma a nisanci bakin madatsar inda ruwa ke fita. Dare kuwa babu shi sam, ita kanta hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare. In Allah ya kiyaye jirgi ya kife, ya riƙe jikin jirgin ya yi ta kira, kar ya ce zai yi iyo zuwa gaɓa, gaɓa a ido kusa take.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika kawowa a rai ba, tsargiya. Ruwan dam da na fadama wanda yake kwance akwai ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da ƙwayar cutar, tana shiga ta fata ne in mutum ya yi wanka ko ya daɗe tsaye a ciki, ba sai ya sha ba. Bayan wasu makonni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. A ƙauyuka har yanzu wasu na ɗauka wai alamar balaga ce ga yaro namiji, ba haka ba ne, ciwo ne, in aka bar shi yana lalata mafitsara har ya taɓa ƙoda. Maganinta akwai, praziquantel, amma a je asibiti a yi gwajin fitsari a ba shi daidai nauyinshi. Saboda haka ki ce mashi hawa jirgi daban wanka daban, ya tafi da ruwan shanshi da na alwala daga gida.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni Bafulatani ne, a ruga aka haife ni ta wajen Zangon Daura kafin karatu ya kawo ni birni, har yanzu iyayena da ƙannena suna can da shanu. Gaskiya in na ji 'yan birni na cewa za su je kallon Fulani raina ba ya so. Su zo da waya suna ɗaukar mata da yara ba sallama ba komai su sa a TikTok, wasu ma a ƙasan bidiyon ana zagin mu ana ce mana ɓarayin daji. Kuma yanzu in baƙo ya zo ruga tsoro ake ji don ba a san wa ya aiko shi ba. Dan Allah ka ja masu kunne.

AMSA: Ɗan'uwa na gode, kuma saƙonka shi ya fi tsaya mani a rai cikin duk waɗanda suka zo. Gaskiyarka ce ɗari bisa ɗari. Ruga gidan mutane ce, rashin katanga bai mai da ita fili ba, yadda ba za ka yarda wani ya faɗo tsakar gidanku a Katsina yana ɗaukar mahaifiyarka tana daka ba haka su ma. Kuma ina so masu karatu su riƙe wannan, makiyayin da ke bin shanunshi da sanda da gorar ruwa shi ma wannan masifar ta ci shi, da yawansu an kore masu garke dare ɗaya an bar su ba ko ɗan maraƙi, sannan su shigo kasuwa a riƙa kallonsu da zargi. Mutumin da ke tsakanin wuta biyu haka, in ya ga baƙi shida sun fito daga ruwa suna nuna rugarshi da waya, me kuke so ya ɗauka?

Saboda haka ga masu niyyar zuwa, ba a shiga ruga sai da ɗan rakiya wanda suka sani, kuma mafi kyau a aika tun kafin ranar a gaya ma arɗo cewa baƙi na tafe. In kun iso ku tsaya daga nesa ku yi sallama ku jira namiji ya fito, akwai karnuka kuma ba a wuce wurin maza a nufi bukkokin mata. A gaisa a natse, a tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi da ya ruwa ya ciyawa, amma kar ka tambayi mutum shanunshi nawa ne, kar kuma a gan ka kana nuna su da yatsa kana ƙirgawa, ko da can ba a so balle yanzu da ake satar su. Kar ka matsa ma mace ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kunya ce ba ta faɗa. Hoto sai an tambaya, in aka ce a'a ko aka yi shiru aka kau da kai to a'a ɗin kenan, don Bafulatani ba lallai ya ce maka a'a ƙiri-ƙiri ba. Wanda kuma aka yarda ka ɗauka, ka gaya mashi gaskiya in za ka sa a intanet, kuma kar ka rubuta sunan wurin da rugar take.

Ba a zuwa hannu rabbana. Goro, sukari, ganyen shayi, gishiri ko kanwa ta dabbobi, duk ana jin daɗinsu, a miƙa ma babba shi zai raba. In an kawo maku nono ko kindirmo na baƙunta ku sha ku yi godiya, in kuma saye za ku yi ku biya kuɗin da aka faɗa, wannan kuɗin nonon na mata ne da shi suke cefane da sabulu, ba wurin nuna iya ciniki ba ne.

A bakin ruwa kuma ku lura da sawun kofato. Inda kuka ga ƙasa ta tattake ta yi laka nan mashaya ce, hanyar da ta biyo zuwa nan burtali ne, kar ku ɗaure jirgi ko ku shimfiɗa tabarma a nan, garke in ya taho da ƙishi ba ya tsayawa, kuma saniya mai ɗan maraƙi ba ta son baƙuwar fuska kusa. Ku matsa gefe ku bar su su sha su wuce. Sai leda, dan Allah dan Annabi leda. Ledar fiya wata da ta biredi da kuka yar, saniya na haɗiye ta don ɗanɗanon gishiri ko mai da ke jiki, ba ta narkewa, tana taruwa a tumbi dabba ta yi ta ramewa har ta mutu, ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farka ciki. Duk abin da kuka zo da shi ku koma da shi a buhu. Haka wuta in kun dafa shayi a kashe ta da ruwa a tabbatar ta mutu, gobarar daji ɗaya da rani tana cinye abincin garke na wata da watanni.

TAMBAYA: Kawu na ga ana tallan wani jirgin roba da ake hura ma iska a intanet, kuɗinshi ba yawa, in saya mu riƙa zuwa da abinmu ba sai mun biya masunta ba? Daga wani ɗalibi a Dutsin Safe, Katsina.

AMSA: Kar ka saya ɗana. Yawancin masu arhar nan an yi su ne don wurin wanka na otal, robar ba ta da kauri, ruwanmu kuma cike yake da ƙayar da ambaliya ta kwaso da kututture da ƙugiyoyin masunta, huda ɗaya ta isa. Kuma ba shi da nauyi, iskar hunturu in ta taso sai ta tura shi tsakiyar ruwa kana tuƙi kana komawa baya. Kuɗin ka raba biyu, rabi ka sayi rigar kariya mai kyau, rabi ka ba masunci ya ɗauke ka a jirginshi, ka roƙe shi ya koya maka riƙon filafili da yadda ake tura jirgi da gwangwala a wuri mara zurfi kusa da gaɓa. In abin ya shiga ranka sosai, ka yi tanadi ka je Argungu lokacin bikin kamun kifi ka ga tseren kwale-kwale a kogin Matan Fada, ka ga yadda Kabawa ke sarrafa jirgi, bikin da ake yi tun 1934.

Masu tambaya kan kuɗin hayar jirgi, wannan ya danganta da wuri da lokaci da tsawon yinin da za ku yi, ku yi magana da Sarkin Ruwa a gaban matuƙin a yanke kafin a shiga, a kuma faɗi ƙarfe nawa za a fito.